Ranar da Na Rage wa A-kori-kura Tsawo

Motar ta girme ni a aiki, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Tsohuwar a-kori-kura ce, fara a da can, amma lokacin da ta zo hannuna fentin ya gaji ya koma ruwan ƙasa. Baba ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa a Kankiya, ba a daɗe da yanke mana jihar Katsina ba. Shi bai iya tuƙi ba, bai kuma taɓa sha'awar koya ba, sai ya sa aka miƙo mini makulli. A duk Dudunni ita kaɗai ce motar da ke kwana a gari. Ita ce ta gero, ita ce ta wake, ita ce ta matan Fulani masu kai nono kasuwa da ƙorensu a cinya, suna yi mini faɗa duk lokacin da na faɗa rami.

Faɗan nasu kuwa da gaskiyarsu. Ni mutum ne marar zama tun ina ƙarami. In ana lodi ina zagaya mota, in ana sauke kaya ina danna oda, in an ce mini jira sai in ji kamar an ɗaure ni da igiya. Har yau da furfura ta cika mini kai ban iya jiran shayi ya huce ba.

A daminar da nake ba da labari, san huɗarmu ya firgita a gona ya banke Baba, ya taka masa cinyar hagu. Ƙashin ya karye. Aka ɗauko maɗori daga wajen Kafinsoli, ya ja ƙafar, ya jera mata itatuwa tun daga ƙugu har suka wuce diddige, ya ɗaure tamau, ya ce kada a kuskura a lanƙwasa ta. Kwana bakwai muna cewa da sauƙi. A na takwas ƙafar ta kumbura har tana ƙyalli, zazzaɓi ya rufe shi, ɗakin ya fara wani wari da kowa ya ji amma ba wanda ya ambata.

Baba ya ce ba shi zuwa asibiti. Ya ji labarin waɗanda suka tafi da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya, ya ce gara ya mutu da tasa a jikinsa. Ni ba ni da bakin lallashinsa, don ni ne ɗan fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma duban idonsa ya yi masa magana. In Baba yana son abu daga gare ni, sai ya dubi bango ko ya dubi wanda ke kusa ya ce, "Ku hwaɗa ma wancan." Saboda haka aikin lallashi ya faɗa kan Baffa, ƙanensa, mutum mai sanyin magana da ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya.

Ana cikin wannan motar ta zaɓi lokacin karyewa. Na ɗauko takin zamani, na jibga mata fiye da ƙima kamar yadda na saba, ina hawan gangaren rafin da ke tsakaninmu da hanyar Kusada sai na ji ƙas daga baya. Na sauka na leƙa. Ƙarfen gindin mota, wanda makanikai ke kira shasi, ya tsage daf da ƙarshe, gefe biyun duka, bodin ya sunkuya yana neman ƙasa. Da yammacin wannan ranar Baffa ya fito daga ɗakin Baba ya same ni a zaure.

Ya ce, "Ya yarda. Amma ka san halinshi, in aka daɗe sai shi canza. Yaushe za ka ɗauke shi?"

Na ce, "Baffa, motar ta karye. Ba ni gobe kaɗai. Jibi da sahe in sha Allahu."

Ya dube ni ya ce, "Jibi dai ko?"

Na ce jibi.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaure bayan motar da igiya na lallaɓa da ita Kankiya. Na fara tsayawa a tasha ko zan sami wanda zai shiga Dudunni a madadina. Direba uku na tambaya, duk ukun suka ce ba su saka motarsu cikin wannan rafin da damina, kuma ban ga laifinsu ba. Amalanke kuwa ba abin da za a ɗora karyayyen mutum a kai ba ne. Ya zama motata ce ko babu.

Mai waldar da nake kai wa aiki yana bakin titin Kano zuwa Katsina, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Dattijo ne gajere, idonsa kullum ja saboda wuta, kuma komai nasa a hankali yake yin sa, har gaisuwa. Ya shiga ƙarƙashin motar ya daɗe, ni kuwa ina tsaye ina canza ƙafa. Da ya fito sai da ya kakkaɓe rigarsa tukuna.

Ya ce, "Sarkin gaggawa, ka kashe ta. Aiki biyu ne. Ko a ɗaga bodi, a aika Kano a ɗauko ƙarhe a yi mata ƙari, kwana huɗu ko biyar. Ko kuwa a yanke wurin da ya tsage a yar, a matso da ƙyauren baya. Wannan yau sai a gama, in wuta ta tsaya."

Na ce, "Malam, yanke. Gobe zan ɗauko marar lahiya."

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Tsohona."

Ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ba shi lafiya, na ce amin. Sai ya ɗauko alli ya ja layi a bayan tsagar, taƙi ɗaya daga ƙarshen bodi. Iya abin da ya zama dole a cire ke nan. Ya tsaya yana duban layin, ni ma ina dubansa, kuma abu ɗaya ne ya zo mana a rai.

Mu masu a-kori-kura ba da ƙafa ko inci muke sanin tsawon mota ba. Da buhu muke sani. Tawa tana cin buhu huɗu a jere in an kwantar da su a gicciye. In aka cire taƙi ɗaya, za ta ci uku ne da wani fili da bai isa buhu ba, kuma duk direba ya san sharrin wannan filin: buhuna su yi ta zamewa gaba da baya a hanya, su gogi ƙarfe su fashe, mai kaya ya kama ka da rigima. Ba wanda yake barin rabin buhu a bayan motarsa.

Mai walda ya ce, "Ukku da rabi ke nan. Mi za ka yi da rabi?"

Na ce, "Maida ta ukku cur."

Muka je wurin mai sayar da masara a maƙwabta muka aro buhu ɗaya. Muka kwantar da shi a gaban bodin, ya yi alama, muka mirgina, ya yi alama, muka sake mirginawa. Inda na ukun ya ƙare nan ya ja sabon layi, ya goge na farkon da tafin hannu. Kamu ɗaya za a cire, ba taƙi ɗaya ba. Mu biyu, manya da gemu, bakinmu bai bushe da addu'ar marar lafiya ba, muna awo da buhun masara. Na sha juya wannan a raina, har yau ban gano inda hankalina ya tafi ba. Baba dogo ne, duk Dudunni an san shi da sunkuyawa in zai shiga ƙofar masallaci.

Yankan bai ba da wuya ba. Ya hura wutar gas ya bi layin, tartsatsi na zuba, ya ƙarasa wasu wurare da zarto, guntun bayan ya faɗi ƙasa da ƙara. Sai aka zo liƙi, wanda shi kuma sai da lantarki, lantarki kuwa ya ɗauke tun hantsi. Nan na ga tashin hankali. Na zauna a benci, na tashi. Na tsallaka titi na sayi goro, ban ci ba. Na leƙa shagon mai niƙa in ga ko tasa wutar ta zo, alhali waya ɗaya ce. Motocin Kano suna wucewa, na Katsina suna wucewa, kowa yana tafiyarsa sai ni. Mai walda ya shimfiɗa buzu ya yi azahar, ya ci ɗanwakensa a natse, har yana yi mini tayi. Na ji kamar in shaƙe shi, bawan Allah, alhali ba shi ya riƙe wutar ba.

Sai bayan la'asar ƙwan da ke rataye a rumfar ya kawo haske. Ya liƙa ƙarfe a gicciye ya haɗe bakin shasin, ya matso da fitilun baya, sannan ya ɗago ƙyauren. A nan ya tsaya. Ƙarafan da ƙyauren yake juyawa a kansu tsatsa ta cinye su, ɗaya ma ya rabu biyu a hannunsa.

Ya ce, "Sai an ƙera sababbi. Ka bari da sahe."

Na ce, "Da sahe ina Dudunni. Liƙe shi gaba ɗaya."

Ya ce, "Ba ya sake buɗewa fa."

Na ce, "Buhu ta sama ake jehwa shi. Liƙe."

Ya liƙe, kuma irin liƙin da ake yabonsa da shi ya yi, layi biyu ciki da waje.

Ba zan ɓoye ba, a hanyar komawa daɗi na ji. Motar ta yi wani sauƙi, tana juyawa kamar an sauke mata shekaru. A gangaren rafi, inda kullum gindinta ke gogar ƙasa, ta haye ba ko ƙwas. Har na fara shirya yadda zan ba direbobin tasha labari. Na shiga gari da sauran haske, na aika wa Baffa cewa mota ta samu.

Da safe na ja ta har ƙofar gida. Aka fito da katifa, na jefa ta a baya, sai ƙarshenta ya hau kan ƙyaure ya tsaya a sama. Ko a nan ban farga ba, na danna ta da gwiwa na ce ai katifa ce, za ta lanƙwashe. Maƙwabta huɗu suka ɗauko Baba a kan tabarma, kowa ya kama kusurwa, suna tafiya kaɗan-kaɗan. Ya rame, idonsa a rufe, leɓɓansa sun bushe. Suka ɗaga shi sama da gefen bodi, suka sa kansa daf da gilashin baya, suka fara saukar da shi.

Ba su gama saukarwa ba. Itatuwan ɗorin suka sauka a kan bakin ƙyaure, daga ƙwauri zuwa diddige duk a waje. Ƙugu yana neman ƙasa, ƙafa tana sama, daidai lanƙwasar da maɗori ya hana. Baba ya ja numfashi ta haƙora, mutanen suka yi maza suka sake ɗaga shi. Suka tsaya da shi a hannu suna dubana.

Na ce a gwada a karkace. Aka gwada, tudun taya ya tare. Na ce a juya kan ya koma baya. Baffa ya ce in kan ya koma baya wuyansa ne zai hau ƙarfe. Aka sauke Baba a inuwar zaure. Na ruga na ɗauko guduma na fara dukan ƙyauren, ina duka ina zagi, ban ma san wa nake zagi ba. Ƙarfen ya lotsa, liƙin ko gezau. Baffa ya riƙe mini hannu ya ce, "Ya isa. Kana ƙara mashi ciwon kai."

Sai muka ji muryar Baba daga zaure, a hankali, yana magana da Baffa.

"Ku maida ni ɗaki. Allah bai yi ba."

Abin da nake tsoro ke nan tun shekaranjiya. Na san in ya koma ɗakin nan ba mai sake fito da shi, ƙafar za ta ruɓe a jikinsa, kuma ni ne sila. Na tsaya da guduma a hannu, ga kunya ga haushin kaina, ba ni kuma da damar ce masa komai.

Inna ce ta yi magana. Tana bayan ƙofar zaure, ba ta fito cikin maza ba, amma muryarta ta fito sarai.

Ta ce, "Malam, ba ka komawa ɗakin nan da ƙahwar nan. In a ka za a ɗauke ka, a ɗauke ka."

Ban taɓa jin ta yi masa magana haka a gaban mutane ba. Baba bai amsa ba, Baffa kuwa ya ɗauki shirun a matsayin yarda tun kafin ya zama wani abu. Ya ce a kawo buhunan ƙaiƙayi. Aka cika bodin da su har suka zo daidai da bakin ƙarfe, kuma uku-uku suka zauna a jere daram, ba ko ɗan fili, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Aka ciro ƙyauren ɗakin Baffa na katako aka ɗora a kai, aka shimfiɗa katifa, aka ɗaure da igiya ta kowane gefe. Kamu ɗaya na katakon yana lilo a bayan mota, a kansa diddigen Baba zai kwanta. Kafin a gama duk wannan rana ta take tsaka, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

Baffa ya hau ya zauna a gefe, ya rungume katakon da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da laima. Na shiga na tayar. In na waiga, kan Baba nake gani ta gilashi, tazarar hannu tsakanina da shi.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. A giya ta ɗaya nake tafiya, masu keke suna wuce ni, wata mata da tulu a ka ta jera da mu har wani wuri. Ƙafata tana kan totur, hadari yana matsowa, zuciyata tana cewa taka, ƙafar Baba tana cewa a'a. Kowane ɗan rami sai in ji shi a cikina kafin taya ta faɗa. Gumi ya jiƙa mini riga har kujera.

A rafi abin ya faru. Saukar ta yi lafiya, ruwan bai kai cibiyar taya ba. Amma hawan ba ya yiwuwa a hankali, dole sai an ba ta wuta ko ta tsaya a laka. Na leƙo na ce, "Baffa, riƙe!" Na taka. Gaban motar ya ɗaga, buhunan ƙaiƙayi suka lotse, katakon ya zame baya, ƙarshensa ya yi ƙasa ya dawo. Baba ya yi ƙara. Tunda nake ban taɓa jin muryarsa a haka ba, ko ranar da san ya taka shi an ce bai yi ba. Na tsaya a saman gangare na fito da gudu. Baffa yana kwance rabi a kan katakon, laima ta tafi cikin ruwa, itacen ɗori ɗaya ya goce daga wurinsa. Baba ya buɗe ido ya dubi sama ya ce, "Ce mashi shi ci gaba."

Muka hau kwalta ana yayyafi, muka isa asibitin Kankiya bayan la'asar, tafiyar da na saba yi kafin a sha furar safe a gama.

Ba su yanke ƙafar ba. Sun tsaga sun fitar da ruɓa, ya yi wata biyu da wani abu a kwance da nauyi rataye a diddige. Amma ƙashin ya haɗe a haye, baki ya hau kan baki, ƙafar hagu ta fito ta fi ta dama gajarta. Na tare likitan a baranda na tambaye shi ko a hanya ne ƙashin ya goce. Ya ce yana iya zama tun ranar ɗori, yana iya zama a hanya, ba mai iya rantsewa. Na so ya ce mini e ko a'a, ko wanne ne zan ɗauka. Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi a gidanmu, ko da wasa, kuma wannan bai sauƙaƙa mini komai ba.

Bayan kaka Baba ya fara takawa da sanda, yana tafiya yana karkata, ƙugunsa yana ciwo. Wani mai gyaran takalma a kasuwar Kankiya ya ce zai iya ƙara wa takalmin hagu tsayi da robar taya, in dai na kawo masa awo. Ya ce in kimanta kawai, ai ya saba. Na ce a'a. Na karɓi ɓallin roba sirara guda shida a hannunsa na koma Dudunni.

Na sami Baba a tsakar gida, Inna tana tankaɗe a gefe. Na gaya wa Inna abin da ya kawo ni, ita kuma ta maimaita masa kamar bai ji ba. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya juya fuskarsa gefe, ya tsaya a kan ƙafar dama. Na durƙusa a gabansa. Rabon da in taɓa jikinsa tun ina yaro. Diddigen ya yi kaushi, ƙwaurin ya sirance, tabon ɗaurin maɗori yana nan zagaye da shi. Na tura roba ɗaya a ƙarƙashi, na tura ta biyu, hawaye suna ɗiga a kan ƙafarsa, ban iya tsayar da su ba. Na sa ta uku, na sa ta huɗu. Ya saki nauyinsa a hankali, kafaɗunsa suka daidaita.

Ya ce wa Inna, "Ce mashi ya yi daidai. Ce mashi shi tashi haka nan."

Na auna robar da hannuna kafin in tashi. Yatsa uku ne, kuma a kansu ya yi sauran tafiyarsa ta duniya.